Motar zamani da makullinta: abin da mai saye zai duba, da sana'ar da ke jiran ƴaƴanmu

  

Abin da ya jawo wannan rubutu wani al'amari ne da ya sami ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu. Bawan Allah ya daɗe yana tari, har Allah ya nufe shi da sayen mota ta hannu, irin wadda ake tayarwa da danna maɓalli ba tare da an zura makulli ba. Ranar ciniki ya tafi da makanikensa na shekara da shekaru. Suka saurari ƙarar injin, suka duba launin hayaƙi, suka ƙwanƙwasa jikin motar don gane inda aka cike, suka zaga gari da ita, kome lafiya. Da aka sallama, sai aka miƙa masa makulli ɗaya tak, shi kuwa bai ga abin damuwa ba. Bayan ƴan watanni makullin ya salwanta a wurin wani ɗaurin aure. Mai yankan makulli na kasuwa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, makanike ma ya ce ba aikinsa ba ne. Mota ta yi mako biyu a gindin dogon yaro tana shan ƙura, har aka yi masa kwatancen wani saurayi. Yaron ya zo da ƴar kwamfutarsa a jaka, ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, kafin a kira la'asar ya sa motar ta karɓi sabon makulli. Dattijo ya biya abin da ya kusa kuɗin ragon layya, ya yi godiya, yaro ya ce: "Allah ya tsare gaba, Baba Alhaji."

Da dare barci ya ƙaurace masa. Washegari bayan sallar isha'i ya same mu a harabar masallaci, ya ce: "Malamai, idan yaron nan ya iya tayar da motata ba da makullina ba, me zai hana wani ya yi haka cikin dare ina barci? Sannan makulli na biyu, a hannun wa yake?" Tambayoyin nan biyu su ne za mu bi a wannan fitowa, domin sun shafi duk magidancin da ke shirin sayen mota, sun kuma shafi duk uban da ke neman sana'ar halal ga ɗansa ko ƴarsa.

YADDA MUKA SABA AUNA MOTA

Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda muke kira Fijo, mutanenmu suka san yadda ake yanke wa mota hukunci. Ana tambaya: tana shan mai? Tana jure yashi da gargada? Ana samun kayan gyaranta a Katako ko a kasuwar Maraɗi? Makanike na ƙauye zai iya kwance ta ya ɗaure? Da wannan ma'auni Fijo ta yi suna, musamman bayan an soma harhaɗa ta a Kaduna a 1975, da shi kuma Toyota ta karɓe hanya, daga Hiace ta ƴan tasha har Hilux da Land Cruiser da ke ratsa Azbin. Ma'aunin nan yana nan da amfaninsa har gobe, kuma ba mu ce a yar da shi ba.

Sai dai motar da ke shigo mana yau ba irin waccan ba ce. Galibin motocinmu na hannu ne, an gama hawansu a Turai ko Amurka ko ƙasashen Larabawa. Shekaru da dama ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke biyowa, shi ya sa ake ce musu ƴan Kwatano. Bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome. Ko ta ina suka biyo, kowace shekara waɗanda ke isowa sun fi na bara yawan na'urori. Kunnen makanike yana jin ciwon injin, amma ba ya jin abin da ke gudana a cikin wayoyi.

KWAMFUTOCI A CIKIN ƘARFE

A motar zamani akwai ƙananan kwamfutoci masu yawa, waɗanda masu gareji ke kira ƙwaƙwalwar mota. Wata tana auna man da ke shiga injin, wata tana kula da birki, wata da giya, wata da ƙofofi da fitilu, wata da rediyo da allon gaban direba. Mota matsakaiciya tana ɗauke da gomomi, manyan motocin alfarma kuwa akan sami fiye da 100 a cikinsu.

Waɗannan ƙwaƙwalwa dole su yi magana da juna. Hanyar da suka fi bi ita ce wadda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986, ana kiranta CAN. Wayoyi biyu ne murɗaɗɗu da ke ratsa motar, kowace ƙwaƙwalwa tana jefa gajeren saƙo a kansu, sauran duka suna ji. Kamar majalisa ce a cikin duhu: wani ya ce "a buɗe ƙofa", sai a buɗe, ba wanda ya tambayi wa ya yi magana. A ainihin tsarin, saƙon ba ya ɗauke da shaidar wanda ya aiko shi, kuma ba a ɓoye abin da ke cikinsa. Waɗanda suka ƙirƙiro shi ba su yi sakaci ba, domin a lokacinsu babu baƙon da zai shiga wannan majalisa. Mota ba ta da wata kafa zuwa waje.

Daga baya aka yi ta huda mata kafofi. Ta farko ita ce mahaɗar nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD. Amurka ta wajabta ta ga motoci tun 1996, Turai kuma ta biyo baya ga motocin fetur a 2001. An yi ta ne domin makanike ya jona na'ura ya karanta ciwon mota, kuma nan ne saurayin nan ya jona kwamfutarsa. Sannan aka zo da makulli mai magana da mota ta iska, da Bluetooth, da wifi, har da layin salula da aka dasa a cikin motar kanta. Kowace kafa sauƙi ce ga mai mota, kuma kowace ɗaya ƙofa ce ga wanda ya san yadda ake tura ta.

RANAR DA AKA ƘWACE MOTA DAGA NESA

Masana sun daɗe suna gargaɗi. A 2010 da 2011 malamai da ɗalibai na jami'ar Washington da jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka nuna cewa ana iya sarrafa birki da injin ta cikin waɗannan wayoyi, har ma daga nesa. Duniya ba ta farga sosai ba sai a watan Yuli na 2015. A lokacin ne wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shirya gwaji da wani ɗan jarida mai suna Andy Greenberg, da saninsa da yardarsa. Ya hau Jeep Cherokee a babbar hanya kusa da birnin St. Louis, yana gudun kusan kilomita 110 a awa, su kuma suna zaune a gida, kimanin kilomita 16 daga inda yake. Suka kunna masa iska mai sanyi, suka ƙure rediyo, suka tayar da magogin gilashi, daga ƙarshe suka yanke giya, mota ta yi ta rage gudu a tsakiyar hanya, manyan motoci na biye da shi. A wani filin ajiye motoci kuma, cikin tafiya a hankali, suka kashe masa birki har motar ta gangara cikin rami.

Ta ina suka shiga? Ta na'urar rediyo da taswira ta motar, wadda ke haɗe da layin salula. Daga nan suka tsallaka zuwa wayoyin CAN, suka riƙa jefa umarni, ƙwaƙwalwar mota tana bi. Abin lura shi ne, watanni kafin su bayyana wa jama'a sun riga sun sanar da kamfanin Fiat Chrysler. Kwanaki kaɗan bayan labarin ya fita, kamfanin ya yi kiran motoci miliyan 1.4 domin gyara, aka aika wa masu su ƴar ma'ajiyar USB mai ɗauke da sabuwar manhaja, kamfanin salula kuma ya toshe kafar. Babu wanda ya rasa ransa, domin waɗanda suka gano ɓarakar masu amana ne.

Gaskiya ita ce irin wannan hari na nesa ba shi ne babban abin tsoro a ƙasashenmu ba. Layin salular da aka dasa a motar da aka yi don Amurka ko Turai sau da yawa ba ya aiki a nan, wasu ma sun mutu tun can, bayan manyan kamfanonin salula na Amurka sun rufe layinsu na 3G a 2022. Abin da ya fi kusa da ƙofarmu shi ne sata.

ƁARAYIN DA BA SU FASA GILASHI

Hanya ta farko ta shafi makullin da ba a zurawa. Motar tana aika ƙaramin kira ta iska, idan makulli yana kusa ya amsa, sai ta buɗe. Ɓarayi biyu sukan zo da na'urori biyu: ɗaya ya tsaya jikin mota, ɗaya ya raɓa jikin ƙofar gida inda aka rataye makulli. Na'urorin su tsawaita kiran, mota ta zaci mai ita ne ya iso. Masu bincike a Zurik, ƙasar Suwizalan, sun gwada wannan a 2011 a kan motoci 10 na kamfanoni 8, duka suka buɗe.

Hanya ta biyu ta fito fili ne a 2023. Wani masanin tsaron motoci a Landan, Ian Tabor, ya tarar an ɓalle gefen gaban motarsa Toyota RAV4 an taɓa wayoyin fitila, ya ɗauka ɓarnar ƴan iska ce. Bayan wani lokaci, a 2022, aka sace motar. Shi da abokin aikinsa Ken Tindell suka bi diddigi, suka gano cewa ɓarayi na jona wata ƴar na'ura, wadda aka ɓoye a cikin kwankwason lasifikar sauraron kiɗa, a wayoyin CAN da ke bayan fitilar gaba. Na'urar tana ta shela cewa an ga makulli na gaskiya, ƙwaƙwalwar mota kuwa, kamar yadda muka faɗa, ba ta tambayar mai magana.

Hanya ta uku ba ta buƙatar kwamfuta ko kaɗan. A Turai tun 1998 doka ta wajabta na'urar da ke hana injin tashi sai ya gane ɗan guntun lantarkin da ke cikin makulli. A Amurka babu wannan doka, don haka motocin Kia da Hyundai masu yawa, na shekarun da suka gabaci 2022, aka sayar da su babu ita. Tun daga 2021 yara a birnin Milwaukee suka gano ana tayar da su da bakin wayar cajin salula, suka yaɗa hotunan a TikTok, sata ta bazu ko'ina. A watan Fabrairu na 2023 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta ce abin ya jawo aƙalla haɗurra 14 da mutuwar mutum 8, kamfanonin biyu kuma suka fito da gyaran manhaja ga motoci kimanin miliyan 8.3. Irin waɗannan motoci suna cikin waɗanda ake lodowa zuwa Afirka ta Yamma, kuma ba kowace ce aka gyara ba kafin ta hau jirgi.

Akwai wani gefen da ya fi wannan nauyi ga Musulmi. Motar da aka sace can, ina take zuwa? Kamfanonin inshora na Kanada sun ce an sace fiye da motoci 105,000 a ƙasar a 2022. A 2023 ƴan jaridar Kanada suka bi sawun wasu daga cikinsu har Gana da Nijeriya, a watan Fabrairu na 2024 kuma gwamnatin ƙasar ta kira taron ƙasa a Ottawa kan wannan matsala. Ke nan mai yiwuwa ne mutum ya biya kuɗin guminsa ya sayi dukiyar wani bawan Allah da ke kuka a wata nahiya. Malamanmu sun yi bayani cewa abin sata ba ya zama mallakar mai saye don kawai ya biya, kuma wanda ya ga alamun zargi ya kau da kai don araha, ya taimaka wa ɓarna. Araha ba ta ado, balle araha mai kai mutum hannun jandarma.

TAMBAYOYIN DA MAI SAYE ZAI ƘARA

Saboda haka muna shawartar duk mai shirin sayen mota, bayan ya gama duban da ya saba, ya ƙara waɗannan.

Na ɗaya, lambar jikin mota. Tun 1981 galibin motoci suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Tana ƙasan gilashin gaba, tana jikin ƙofar direba, tana kuma rubuce a ƙwaƙwalwar mota. A tabbata duka sun dace da juna, sun kuma dace da takardun duwan. Idan sun saɓa, a bar cinikin kome kyan motar. Ƴan sandan duniya na Interpol suna da kundin motocin sata, kuma hukumomin ƴan sanda ne ke da ikon duba shi.

Na biyu, makullai. A tambayi nawa ne, a kuma sa mai na'ura ya duba makulli nawa motar ta sani. Idan ta san uku aka ba ka ɗaya, a motoci da yawa ana iya share waɗanda ba su hannunka, su zama ƙarfe kawai. A yanka na biyu tun na farko yana nan, domin ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba.

Na uku, a jona na'urar duba mota kafin a biya. Akwai masu cire fitilar gargaɗi ta injin ko ta jakar iska don kada mai saye ya gani, akwai masu mayar da lissafin kilomita baya. Lokacin da aka kunna mota kafin injin ya tashi, ya kamata fitilun gargaɗi duka su haska sannan su mutu. Wadda ba ta haska ba sam, akwai magana. Ga ƴan uwanmu dillalai kuwa, muna tunatarwa cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma a fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Aibin da aka ɓoye da kwamfuta bai bambanta da wanda aka ɓoye da fenti ba.

Na huɗu, a bincika ko kamfani ya taɓa kiran irin wannan mota domin gyara. Wasiƙar kira ba ta zuwa Damagaram ko Tawa. Ga motocin da suka fito daga Amurka, ana shigar da lambar nan mai 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar, a ga abin da ya rage ba a gyara ba, kyauta.

Na biyar, sirrin iyali. Allon mota yana riƙe lambobin waya da wuraren da aka je. A 2023 gidauniyar Mozilla ta duba kamfanonin mota 25, ta ce babu ko ɗaya da ya cika sharuɗɗanta na kare sirrin mai mota. A share abin da tsohon mai ita ya bari, mu ma mu share namu ranar da za mu sayar. Idan an sa wa mota na'urar bin sawu, a san wane ne ke ganin inda take, kuma kada ta zama hanyar leƙen asirin iyali ko maƙwabci, domin addini ya hana.

Na shida, kada a raina tsohuwar dabara. Makulli ya kwana nesa da ƙofar gida, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, a gwada a ga ko mota ta daina jin sa. Sandar kulle sitiyari tana ɓata wa ɓarawo lokaci, shi kuwa lokaci ne jarinsa. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

SANA'AR DA TA FITO DAGA WANNAN MATSALA

Yanzu mu koma ga saurayin nan mai ƴar jaka. Abin da ya yi wani ɗan reshe ne na babban fanni da ake kira cybersécurité da Faransanci, wato kare na'urori daga masu kutse. Bayan abin da ya faru a 2015, kamfanonin mota suka shiga neman masu wannan ilimi ruwa a jallo. Miller da Valasek kansu kamfanin Uber ya ɗauke su aiki a wannan shekara. Daga baya doka ta shigo. A watan Yuni na 2020 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'ida mai lamba 155, wadda ta ce sai kamfani ya nuna yana da tsarin kare motocinsa daga kutse kafin a ba shi izinin sayarwa. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin samfura daga Yuli 2022, ga dukan sababbin motoci kuma daga Yuli 2024. A 2021 aka fitar da ma'aunin aiki mai suna ISO/SAE 21434, wanda injiniyoyi ke bi tun daga zanen mota har ƙarshen rayuwarta. Doka ta mayar da abin da dā ganin dama ne ya zama tilas, tilas kuwa ita ke buɗe guraben aiki.

Ayyukan iri-iri ne. Akwai masu gwajin kutse, waɗanda kamfani ke biya su nemo ɓaraka kafin ɓarawo ya gano ta. Akwai masu tsara kariya, su ne ke raba wayoyin mota gida-gida, su sa mai gadi a tsakani, su sa wa saƙonni hatimin da ba a iya kwaikwaya. Akwai masu zama suna sa ido dare da rana a kan dubban motocin da ke kan hanya. Akwai masu binciken laifi da ke karanta ƙwaƙwalwar mota bayan sata ko haɗari, da masu duba ko kamfani ya cika ƙa'ida.

Har gasa ake yi a bainar jama'a. A watan Maris na 2019, a gasar Pwn2Own da aka yi a Bankuba ta Kanada, Amat Cama, ɗan asalin Senegal, da abokinsa Richard Zhu suka kutsa allon motar Tesla Model 3, aka ba su motar kyauta tare da kuɗi, kamfanin kuma ya karɓi bayanin ya toshe ɓarakar. A watan Janairu na 2024 aka yi gasar farko ta motoci zalla a Tokiyo, aka raba fiye da dala miliyan 1.3, kamfanin Synacktiv na Faransa ya zo na ɗaya. Mun kawo waɗannan ne domin yaranmu su ga cewa ɗan Afirka ta Yamma ya taka wannan fage, kuma mai jin Faransanci ba bare ba ne a cikinsa.

Ba za mu ruɗi kowa ba: aiki mai wannan suna kai tsaye ya fi yawa a inda ake ƙera motoci, kamar Jamus da Faransa da Japan da Sin da Indiya. A nahiyarmu akwai Afirka ta Kudu, akwai Maroko, inda Renault ya buɗe masana'anta a Tanja a 2012, Peugeot kuma a Kenitra a 2019. Amma wanda ya sami ilimin ba zai zauna banza a gida ba. Gareji na buƙatar mai karanta ƙwaƙwalwar mota da gaskiya, kamfanonin safa da na tankokin mai na buƙatar mai kula da na'urorin bin sawu, duwan da ƴan sanda da masu inshora na buƙatar mai gane lambar da aka sauya, bankuna da kamfanonin salula kuma kullum suna neman masu kare na'urorinsu.

Ta ina za a soma? Da lissafi da kimiyyar lantarki tun daga sakandare. Makarantun fasaha irin Dan Kassawa ta Maraɗi da Issa Béri ta Yamai tushe ne mai kyau, daga nan sai jami'ar Abdou Moumouni, ko makarantar injiniyoyi ta EMIG, ko jami'o'in jihohi. Dole yaro ya koyi rubuta manhaja da harsunan C da Python, ya saba da Linux, ya kuma dage da Ingilishi, domin da shi ake rubuta galibin takardun wannan fanni. Kayan gwaji ba su da tsada: tsohon allon mota daga wurin masu kayan gwangwan, ƙaramin allon Arduino, da manhajar kyauta irin ICSim da ke kwaikwayon wayoyin mota a cikin kwamfuta. Hutun ƙarshen shekara kuma a yi shi a gareji, hannu cikin baƙin mai, domin wanda bai san yadda birki ke kamawa ba, ba zai san nauyin abin da yake karewa ba. Ƴaƴanmu mata ma a ba su dama, aiki ne na natsuwa da haƙuri, kuma mafi yawansa a kan tebur ake yin sa.

ILIMI ƊAYA, HANYA BIYU

Iyaye, ga inda nauyin ya dawo kanmu. Ilimin da ya ceci motar dattijonmu shi ne ilimin da ake satar mota da shi, na'urar ma ɗaya ce. Abin da ya raba Miller da ɓarayin Landan shi ne izini da amana. Don haka mu kafa wa yaranmu sharuɗɗa tun ranar farko. Kada ya gwada kome sai a kan abin da ya mallaka, ko wanda aka ba shi izini a rubuce. Kada ya yi gwaji a motar da ke tafiya a hanyar jama'a. Idan ya gano ɓaraka, ya kai wa mai gyara ta. Idan aka kira shi ya yi wa mota sabon makulli, ya nemi takardun mota da katin shaidar mai ita, ko da mai kiran ya girmi mahaifinsa, ya nema cikin ladabi. Ya sani kuma cewa a Nijar akwai dokar 2019 mai hukunta laifukan da ake yi da na'ura, a Nijeriya akwai ta 2015, kuma shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne ko ba a ɗauki kome ba.

Mun ga yadda damfarar intanet ta lalata samari masu kaifin basira, suka sami kuɗin da babu albarka a cikinsa. Maganin wannan ba hana yaro kwamfuta ba ne. A haɗa masa ita da karatun addini, a san abokansa, a tambaye shi daga ina kuɗinsa suka fito, a kuma yaba masa ranar da ya ƙi aikin da ya ga alamar zargi a cikinsa.

Dattijonmu ya bi shawara. Ya koma wurin saurayin, aka duba, aka tarar motar ta san makullai uku. Aka share biyu da ba su hannunsa, aka yanka masa na ajiya, ya ba uwargida ta adana. Ya gaya mana cewa abin da ya fi kwantar masa da hankali shi ne, tun zuwan farko yaron bai taɓa motar ba sai da ya ce: "Baba, a yi mini afuwa, ina son ganin takardu." A lokacin ya ji haushi, yanzu kuwa ya kai masa jikansa koyon aiki.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kiyaye mu a kan hanya, ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani da sana'a ta halal, ya sa mu cika amanar da aka ɗora mana. Amin.